Tambaya: shin allurar ƙwayoyin fatar mutum da aka rena a ɗakin gwaji tana gyara tabon fuska da tamoji?

Baban Zainab, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba sani a harkar lafiya, musamman ma'aikatan asibiti da ke cikinmu, a kan wata magana da ta taso a gidanmu.

Ƙanwata, wadda shekarunta suka haura ashirin da biyar, ta yi fama da kurajen fuska tun tana sakandare. Kurajen sun lafa yanzu, amma sun bar mata ramuka a kumatu biyu da gefen goshi, waɗanda ba a cika lura da su ba idan tana cikin inuwa, sai dai da zarar haske ya bugo ta gefe sai su fito fili ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa mayuka iri-iri da ake sayarwa a kasuwannin Kejetia da Adum, kuma ba abin da ya canja sai duhun da ya ƙaru a wasu wuraren. Kwanan nan wata ƙawarta ta turo mata talla ta WhatsApp daga wani wurin gyaran jiki a Akra, inda suka ce suna ɗebo ƙwayoyin halitta daga jikin mutum, su hayayyafa su, sannan su mayar da su fuskarsa ta allura, sai ramuka su cike, tamoji ya baje. Sun ƙara da cewa tun da abin daga jikin mutum ya fito babu wata illa da za ta biyo baya, kuma ana gama komai a zama ɗaya. Kuɗin da suka yanka ba kaɗan ba ne, ga shi mahaifiyarmu, da ta ji an ambaci tamoji, ita ma ta fara tambaya.

Abin da nake so in sani shi ne ko wannan hanya tana da tushe a ilmin likitanci, kuma idan tana da shi, ko ta dace da irin tabon da na bayyana. Akwai kuma wani abu da nake ganin ya kamata in faɗa, ko da ba shi da alaƙa: yayarmu ta yi hudar kunne ta biyu, wurin ya kumbura ya zama wani dunƙulen nama mai tauri da ya ƙi bajewa har yau, ni ma ina da irinsa ƙarami a ƙirji inda wani ƙurji ya taɓa fito mini. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Abu Sufyan, Asawase, Kumasi

Wa alaikumus salam, Baban Zainab. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, saboda haka zan tsaya a ɓangaren da hannuna ya saba da shi, wato yadda ake renon ƙwayoyin halitta a wajen jiki, in bar maganar duba mara lafiya ga masu ita.

Asalin maganar gaskiya ce. A ƙarƙashin ɓawon fata na sama da ido ke gani akwai wani shimfiɗi mai kauri, kuma a cikinsa ne ƙwayoyin da ake kira faiburobilas suke zaune. Su ne masaƙan fata, domin su ke saƙa kolajin da ilastin, zaruruwan da ke ba ta ƙarfi, su kuma sa ta koma yadda take idan an ja ta. Idan shekaru suka tura, ko rana ta daɗe tana dukan fuska, waɗannan ƙwayoyi suna raguwa kuma aikinsu yana yin sanyi, sai fata ta saki. Haka nan idan ƙurji ya yi zurfi ya cinye kolajin na wurin, jiki kuma bai mayar da shi duka ba, sai a bar mutum da rami. Tunanin masu wannan hanya shi ne, maimakon a cusa wa fata wani baƙon abu ya cike gurbin, gara a ƙaro mata ma'aikata daga jikin mai ita, su yi aikin da kansu a hankali.

Ga yadda ake yi. Likita yakan yi allurar kashe zafi a bayan kunne, domin wurin a ɓoye yake kuma rana ba ta cika lalata shi ba, sannan ya ɗebi 'yan guntayen fata guda uku, kowanne faɗinsa bai wuce milimita 3 ba. Ana aika su ɗakin gwaji cikin sanyi, a narkar da naman da wani sinadari har ƙwayoyin su rabu, a zuba su cikin kwalaben roba masu faɗin gindi tare da wani ruwan abinci mai launin ja-ja, a ajiye a na'urar ɗumi da ke riƙe zafi daidai da na jikin ɗan Adam, wato digiri 37, da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Idan ka leƙa ta madubin likita bayan 'yan kwanaki za ka gan su dogaye, sirara, masu tsini a kai biyu, sun manne a gindin kwalbar suna rarrabuwa. Idan suka cika gindin sai a ɓamɓare su a raba zuwa wasu kwalaben, a kuma jira. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san fargabar buɗe na'ura da safe: idan ƙwayar cuta ɗaya ta shiga, ruwan nan da ka bari garau jiya za ka tarar ya yi gauraye ya koma rawaya, kuma aikin makonni ya tafi kwandon shara ke nan. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya ma tana iya yin irin wannan ɓarna, abin da duk wanda ya ga zamanin dumso, wato lokacin yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, zai gane nauyinsa.

Dalilin da ya sa na tsawaita a nan shi ne maganar zama ɗaya. Maganin irin wannan da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, takardarsa ta nuna cewa daga ranar ɗibar fata zuwa ranar da ƙwayoyi za su isa a yi allura ana ɗaukar makonni 11 zuwa 22. Bayan nan ma allurar sau uku ake yin ta, da tazarar makonni 3 zuwa 6 a tsakani, kuma kowace ƙaramar kwalba tana ɗauke da ƙwayoyi kusan miliyan 18. Ƙwayar halitta ba ta san gaggawa ba. Duk wanda ya ce zai ɗebo, ya hayayyafa, ya mayar kafin la'asar, to wani abu dabam yake yi.

Tarihin abin kuma yana da amfani ga mai shirin kashe kuɗinsa. Wani likitan tiyatar gyaran jiki a jihar New Jersey, William Boss, shi ya fara shi a shekarun 1990, kuma kamfanin da ya ɗauki aikin sunansa Isolagen. Sun sayar da shi a Ingila na 'yan shekaru sannan suka rufe reshensu na can, kamfanin ya karye a 2009, ya farfaɗo da sunan Fibrocell Science. A watan Yunin 2011 ne hukumar Amurka ta ba shi izini da sunan laViv, kuma izinin na abu ɗaya ne tak, wato layukan nan biyu da ke saukowa daga gefen hanci zuwa kusurwar baki. An gwada shi a kan mutum 421 a gwaje-gwaje biyu, inda aka yi wa wasu allurar ƙwayoyin, wasu kuma ruwan da babu ƙwayoyi a ciki, ba tare da sun san wanda suka samu ba. Bayan wata shida, a gwaji na farko kashi 57 cikin 100 na waɗanda suka sami ƙwayoyin sun ce sun ga canji mai kyau, a na biyu kashi 45. Amma da likitoci suka duba da nasu idon, kashi 33 da kashi 19 kawai suka cika ma'aunin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a gwajin farko kashi 30 na waɗanda aka yi wa ruwa zalla su ma sun ce fuskarsu ta gyaru, wanda ke nuna yadda son abu ke gyara wa mutum madubi. Zuwa 2016 kamfanin ya janye hannunsa daga wannan magani ya koma wasu ayyukan.

Game da ramukan kuraje, an yi gwaji a Amurka a kan mutum 99, wanda aka wallafa a 2013, inda aka yi wa kowa ƙwayoyi a kunci ɗaya, ruwa zalla a ɗayan, kuma ɓangaren ƙwayoyin ya fi kyau. Duk da haka hukumar Amurka ba ta ba da izinin amfani da shi a kan tabon kuraje ba. Koriya ta Kudu ce ta amince da irinsa domin ramukan kuraje, mai suna Cureskin, a 2010, ta kuma amince da wani mai suna Rosmir a 2017 domin lotsawar ƙarƙashin ido. Ra'ayina shi ne hanya ce ta gaske, mai tsada, mai jan lokaci, wadda amfaninta matsakaici ne.

Anti Rabi, Nima, Akra

Salamu alaikum. Malam Abu Sufyan ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren tiyata, kuma abin da ya sa na ajiye aikin gabana na rubuta shi ne layin ƙarshe na tambayarka, ƙanena, wanda ka saka kamar ba shi da muhimmanci alhali shi ne kan maganar.

Tabo ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya lotsa ciki saboda kolajin ya yi ƙaranci, irin na kurajen fuska da na ƙarambau. Akwai wanda ba rami ba ne ko kaɗan, duhu ne kawai da ya rage a inda ƙurji ya warke, kuma shi ne ya fi yawa a fatarmu. Akwai kuma wanda ya tashi sama saboda kolajin ya yi yawa, kuma mafi taurin kai a cikin wannan rukuni shi ne kiloyid, wanda ba ya tsayawa a iyakar ciwon da ya haife shi, sai ya ci gaba da mamaye lafiyayyar fatar da ke gefe, yana ƙaiƙayi, wani lokaci yana suka. Abin da ka bayyana a kunnen yayarku da ƙirjinka ya yi kama da shi ƙwarai, ko da yake sai likita ya gani ya taɓa kafin a yanke hukunci. Kiloyid ya fi kama baƙar fata, yana bin jini a wasu gidaje, kuma wuraren da ya fi so su ne kunne, ƙirji, kafaɗa da muƙamuƙi.

Yanzu ka haɗa wannan da bayanin Malam Abu Sufyan. Ƙwayoyin da ke haddasa kiloyid su ne dai faiburobilas ɗin nan, idan suka fara aiki suka ƙi tsayawa. Ke nan ana maganar a yanki fata a bayan kunnen yarinyar da 'yan uwanta biyu ke da wannan hali, a hayayyafa ainihin ƙwayoyin da ake tsoron ɗabi'arsu, sannan a bi kumatunta da tsinin allura wuri-wuri har zama uku. Ita kanta takardar laViv ta yi gargaɗi a kan masu tarihin kiloyid, ta kuma faɗa ƙarara cewa waɗanda ba farar fata ba da aka saka a gwajin ba su kai yawan da za a gane ko jikinsu na amsawa kamar na sauran ba. Don haka alƙaluman da aka kawo a sama, masu kyau da marasa kyau, galibi na matan Turawa ne.

Maganar cewa abin da ya fito daga jikinka ba zai cuce ka ba kuwa, rabinta ne gaskiya. Jiki ba ya ƙin ƙwayoyinsa kamar yadda yake ƙin na wani, wannan haka ne. Amma ƙwayoyin sun yi watanni a cikin ruwan da aka haɗa da sinadaran jikin saniya da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar waɗannan. Ja, kumburi, taruwar jini da 'yan ƙulluttai a wurin allura kuwa abu ne da aka saba gani. A fatarmu kowane kumburi yana iya barin duhu da zai yi watanni bai washe ba.

Shawarata ita ce ku kai ta wurin likitan fata a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, tun da kuna Kumasi, kafin a yi maganar hawa mota zuwa Akra. Zai ja fatar kuncinta da yatsu biyu ya gani. Ramin da ya baje idan an ja fata dabam ne da wanda ya tsaya ƙyam da baki mai kaifi, kuma dabam ne da ɗan siririn nan mai zurfi da ya yi kamar an soka tsinke, kowanne da abin da ke yi masa. Wasu ramukan zare ne ya ɗaure su daga ƙasa, sai a shiga da allura a tsinke shi fatar ta taso. Wasu ana ɗiga musu sinadari mai ƙarfi a cikin ramin kaɗai. Wasu kuma ana bin su da ƙananan allurai domin a zaburar da ƙwayoyin da ke wurin tun asali. Dukkansu raunata fata ne da gangan, saboda haka kalma ta farko da za ta fito daga bakinta a gaban likita ita ce labarin kunnen yayarta. Ku kuma shirya aljihunku, domin inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan aikin da aka lissafa a matsayin kwalliya.

Uwar Biyu, Sabon Zango, Akra

Gaisuwa ga Anti Rabi da sauran jama'a. Ni an taɓa yi mini abin da ya yi kama da wannan talla a wani wuri a nan Akra, wanda ba zan ambaci sunansa ba, kuma zan faɗi abin da idona ya gani domin masana su fassara mana.

Ba a taɓa bayan kunnena ba. Jini aka ɗiba a hannuna cikin 'yan kwalabe biyu, aka saka su a wata ƙaramar na'ura da ke kan tebur, ta yi ta juyi tana ƙara na ɗan lokaci. Da aka fito da su sai na ga jinin ya rabu, ja a ƙasa, wani ruwa rawaya-rawaya a sama. Wannan rawayan matar ta zuƙe da sirinji, ta ce mini ƙwayoyina ne da aka ninka, ta bi fuskata da shi. A kwanakin farko na yi murna, domin fuskar ta cika, ramukan sun ɓace, har maƙwabta suna tambayata abin da nake shafawa. Da kumburin ya saɓe sai ramukan suka dawo yadda suke, ga kuma 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe a inda allurar ta shiga, waɗanda suka daɗe kafin su dushe. Da na koma na yi magana sai aka ce ai sai an maimaita, kowane zama da kuɗinsa.

Abu Sufyan, Asawase, Kumasi

Hajiya Uwar Biyu, abin da aka yi miki ruwan jini ne mai yawan ƙwayoyin daskarar da jini, wanda ake kira PRP. Hanya ce sananniya, wasu likitocin fata suna haɗa ta da wasu hanyoyin, amma babu reno a cikinta, babu abin da aka ninka, kuma babu faiburobilas ko ɗaya a cikin sirinjin. Na'urar tace jini kawai take yi ta hanyar juyi. Ina kyautata zaton irinta ce ake tallata wa ƙanwar Baban Zainab da sunan da ya fi ta tsada.

Inda ake wasa da jini da allura kuwa dole a kula da tsafta. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mata uku da ake ganin sun kamu da ƙanjamau ta wannan hanya a wani shagon gyaran jiki mara lasisi a jihar New Mexico, wanda aka rufe tun 2018. A nan gida ana iya bincika sunan mai yin allurar a rajistar hukumar likitoci da likitocin haƙori, a nemi lasisin wurin daga HeFRA, hukumar da ke kula da cibiyoyin lafiya, sannan duk wanda ya ce yana renon ƙwayoyin mutane domin ya mayar musu a jiki, a tambaye shi inda ɗakin gwajinsa yake da takardar izininsa daga FDA ta Ghana, wato hukumar kula da abinci da magunguna.

Baban Zainab, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Anti Rabi da Malam Abu Sufyan, da ke Hajiya. Na karanta wa ƙanwata amsoshinku, kuma ta yarda a fara zuwa wurin likitan fata. Saura maganar mahaifiyarmu, wadda ba tabo gare ta ba, tamojin shekaru ne kawai, kuma kawunmu ya ce mata duk wannan canja halittar Allah ne. Ko akwai mai ilmin addini a nan da zai yi mana ƙarin haske?

Ɗalibin Ilmi, Tafo Zango

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ɗalibi ne, zan kawo abin da na karanta a wurin malamai, fatawa kuwa sai ku nemi malamin da kuka amince da shi wanda zai ji cikakken bayani daga bakinku.

Malamai sun bambanta tsakanin kawar da aibin da ya auko wa jiki da kuma neman ƙarin kyau a kan lafiyayyar halitta. Daga cikin hujjojin ɓangare na farko akwai labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan tiyatar gyaran jiki a birnin Putrajaya na Maleshiya a watan Yulin 2007, kuma matsayar da ta fitar ta halatta gyara abin da ƙuna, haɗari ko cuta suka ɓata, da kawar da munin da ke jawo wa mutum cutuwa a jiki ko a zuciya. Ramukan da kuraje suka bari suna shiga wannan babi a fahimtata. Amma a kan tamoji matsayar ta ce ba a kawar da shi ta tiyata ko allura sai idan ya zama na rashin lafiya, kuma da sharaɗin an aminta daga cutarwa.

Saboda haka maganar kawunku tana da wurin zama a kan mahaifiyarku, amma ba ta hau kan ƙanwarka ba. Sai dai a lura da sharaɗin aminta daga cutarwa, domin yana nan a duka ɓangarorin, majalisar kuma ta shar'anta cewa ƙwararren likita ne zai yi aikin, ya kuma faɗa wa mara lafiya gaskiyar haɗarin da ke ciki. Bisa abin da Anti Rabi ta faɗa game da gidanku, wannan sharaɗi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa.

Ɗan Mamobi, Akra

Ina tare da mafi yawan abin da aka faɗa, amma ina tsoron kada mai karatu ya tashi da tunanin cewa renon ƙwayoyin fata wasan masu kuɗi ne kawai. Inda ya fi nuna ƙimarsa shi ne ƙuna. A 1975 Howard Green da James Rheinwald suka gano yadda ake renon ƙwayoyin ɓawon fata na sama a Amurka, har aka kai ga iya mayar da guntun fata ɗan ƙarami ya zama shimfiɗu masu faɗi cikin kamar mako uku. A 1983 aka yi amfani da wannan hanya aka ceci wasu yara biyu 'yan gida ɗaya daga jihar Wyoming, waɗanda wuta ta cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na fatarsu, ba su da sauran lafiyayyen wurin da za a yanko a dasa musu. Shimfiɗun sirara ne ƙwarai, suna saurin yagewa, kuma ba su da ramukan gumi ko gashi, amma suna rufe jiki, kuma rufe jiki shi ne rai ga wanda ya ƙone. A Ostireliya kuma likita Fiona Wood ta fito da hanyar fesa ƙwayoyin fatar mutum a kan ƙuna, sunanta ya fito duniya bayan harin Bali na 2002, kuma Amurka ta amince da na'urar da ta samo asali daga aikinta, ReCell, a 2018. Ita wannan ana haɗa ta nan take a ɗakin tiyata, amma ba reno ake yi ba, kuma aikinta rufe buɗaɗɗen ciwo ne, kada wani mai talla ya fake da ita.

Mu da muke Akra ba mu manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle aka rasa rayuka fiye da 150, ga kuma fashewar gas ta Atomic Junction a 2017. Muna da cibiyar tiyatar gyaran jiki da ƙuna a Korle Bu tun 1997, muna da masana a cibiyoyin binciken lafiya na Noguchi da KCCR waɗanda renon ƙwayoyin halitta domin bincike ba baƙonsu ba ne. Tazarar da ke tsakanin renon bincike da renon da za a mayar jikin mutum babba ce, ta fuskar tsafta, kayan aiki da sa ido, kuma kuɗi ne mai yawa. Idan ƙasar nan za ta kashe shi wata rana, ina ganin ɗakin masu ƙuna ne ya cancanta ya fara amfana kafin layin gefen hanci.

Anti Rabi, Nima, Akra

Ɗan Mamobi, ban ƙi ta taka ba ko kaɗan, domin na ga yadda ake rasa inda za a yanko fata a jikin yaron da ruwan zafi ya kwarare wa.

Baban Zainab, saura abu biyu. Game da Mama, ko da an ajiye maganar hukunci a gefe, ƙwayoyin da za a rena nata ne, masu shekarunta. Tun 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa faiburobilas na ɗan Adam ba sa rarrabuwa har abada a ɗakin gwaji, sukan yi kamar sau 50 su tsaya, kuma ba kowane guntun fata ne ke ba da adadin da ake buƙata ba, wani lokaci sai an sake yanka. Abin da zai fi yi mata amfani shi ne a duba abin da take shafawa. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da haidurokwinon, wanda FDA ta Ghana ta hana sakawa a kayan shafa tun 2016, ko kuma sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke danne aikin faiburobilas ya sirantar da fata har jijiyoyi su riƙa nunawa, ya kuma jawo sababbin kuraje.

Wannan ya shafi ƙanwarka ita ma. Ranar da za ku je asibiti ta tattara duk mayukan da ta yi amfani da su, har kwalaben da suka ƙare, ta zuba a leda ta tafi da su, kuma ta je da fuska a wanke ba hoda. Idan har yanzu sababbin kuraje suna fitowa, su za a fara magancewa kafin a taɓa ramukan. Ku tafi da yayarku ita ma a duba kunnenta, domin kiloyid yakan lafa da allurar tirayamsinolon da ake yi a cikinsa duk bayan mako huɗu zuwa shida, kuma kada ta bari wanzami ko wani ya yanke mata shi, saboda idan aka yanke shi ba tare da an biyo da wani magani ba, sau da yawa yakan dawo ya fi na da girma.